Kwalbar Ƙasan Bututu

Kowane wata, hukumar ruwa takan aiki ma'aikaci ya ɗebo kwalba guda daga kogi a gwada. Ba a rubuce yake ba, amma kowa ya san a gada ake ɗiba, kafin a kai bututun masana'antar magunguna. Can ruwan garau yake, kowa sai ya kwana lafiya.

Ranar da aka aiki sabuwar ma'aikaciya, 'yar wani masunci, direba ya tsaya a gada. Ta ce ya ƙara gaba.

"'Yar nan, nan ake ɗiba tun kina goye."

"Can babana yake zuba taru."

A ƙasan bututu ruwan ya yi kumfa mai warin asibiti, ledoji sun yi wa ciyawa riga. Ta tarar da uban yana farke cikin tarwaɗa yana zaro zaren leda.

"Baba, tarin nan naka da ya ƙi jin magani, ruwan nan nake zargi."

"Ruwa mai gudu ba ya riƙe dauɗa," in ji shi. Haka kakansa ya ce, a zamanin da dauɗar duniya ba ta wuce kashin shanu ba.

Ta cika kwalbarta. Gwaji ya nuna maganin ƙwayoyin cuta, da na ciwon jiki, da garin roba. Shugabanta ya karanta, ya cire tabarau.

"Madalla. Dole a kare jama'a."

Aka kuwa kare su. Masana'anta ta ba da gudummawar allo mai fenti: an hana kamun kifi. Jami'ai suka tara taruna a bakin ruwa suka cinna musu wuta, roba tana narkewa tana ɗiga cikin kogin. Bututu bai fasa amai ba. Ita kuma aka mayar da ita wankin kwalabe.

Da yamma ta je gida. Uban na zaune a ƙofa, masunta kewaye da shi.

"Ga mai ilimi nan," ya ce. "Da kifin nan na kai ki makaranta. Ashe wuƙa nake wasawa."

"Baba, so na yi a rufe bututun."

"An rufe?"

Ta sunkuyar da kai. Uwarta ta fito da kwano ta dire a gabanta: busasshen kifin da yanzu babu mai saye, ga shi buhu-buhu a ɗaki.

"Ci," in ji uban. "Ke ce kika san abin da ke ciki."