Kogin Tsakar Gida

"Auta, kashe dodon nan, ka firgita mini awaki!"

Jogindar ya kashe 'yar ƙaramar katafilar da ya aro, irin wadda ake shiga lungu da ita haƙa kwata. Mahaifiyarsa Sonabati na tsaye a bakin ramin da ya haƙa a tsakar gida, ta riƙe ƙugu.

"Kabari kake haƙa mini? Mu dai ƙona mu ake yi, ko ka manta?"

"Wurin tsayuwarki ne, Inna. Bana ba za ki shiga kogi ba."

Jibi bikin Chhath, ranar da matan ƙauyen, kamar sauran matan kudancin Nepal, ke shiga ruwa iya ƙugu da azumi a bakinsu, su miƙa wa rana faifan ayaba da rake. Tun Sonabati tana amarya wuri ɗaya take tsayawa, a bakin kogi daidai gindin wata tsohuwar bishiyar ɓaure. Jogindar na tuna kansa yana yaro, riƙe da gefen zanenta na sari, yashi mai laushi a ƙarƙashin ƙafarsa, ƙananan kifaye na yi masa cakulkuli. A lokacin akan tsallake kogin da akuya a kafaɗa.

Da ya girma ya koyi tuƙin katafila mai taya, mai cokali gaba da baya, yana gyaran hanyoyi, kowa na sa masa albarka. Sai wani ɗan kwangila ya ɗora shi a kan babbar katafila mai ƙafar sarƙa, mai dogon hannu, wadda ke tsayawa a gaɓa ta zura cokali can ƙasan ruwa ta kwaso yashi. Tifofi na jigila zuwa birni, hukuma kuwa ta iya kau da kai. Yanzu a gindin ɓauren nan rami ne da zai haɗiye gida, ruwa ya lulluɓe shi luf kamar ba komai. Da damina ya ci 'yar maƙwabta.

"Ƙafata ta san kogin nan fiye da yadda ka san sitiyarinka," in ji tsohuwar.

"Wanda ƙafarki ta sani yana birni, Inna. An yi bene da shi."

"Wane mara mutuncin ne ya kwashe?"

Jogindar ya sunkuyar da kai yana murza makulli. Kunya ta kama shi, har ya ji gara ta zage shi. Ba ta zage shi ba, ta shige ɗaki abinta.

* * *

Ranar biki ya shimfiɗa baƙar leda a ramin, ya cika shi da ruwan famfo, ya kafa rake a kusurwoyi. Sonabati ta shiga a hankali. Ruwan iya gwiwa ya tsaya mata. Babu waƙar mata, don kowacce tana bayan katangar gidanta, a cikin nata ramin.

Ta ɗaga faifan ta fuskanci rana mai faɗuwa, leɓunanta na motsi. Da ta gama ta kunna 'yar fitilar mai da ke cikin ƙoƙon ganye, ta ɗora a kan ruwa kamar yadda ta saba, ta tura da yatsa don ta tafi da addu'arta.

Fitilar ta je ta daki leda, ta dawo gefen ƙafarta ta tsaya.

"Auta," ta ce, ba ta waiwayo ba, "ina zan tura ta?"