Azurfar da Aka Goge

Tun kafin a ɗora kofin safe Tjitske ta gama goge sulallan. Ta jera su a kan farin mayafin tebur suna ta walƙiya, yatsunta sun yi baƙi ƙirin da man gogewa. A ƙauyensu ba a haifi macen da za ta nuna wa baƙo abu mai dauɗa ba, balle sulallan kakan mijinta da suka daɗe cikin gwangwanin taba.

Mijin nata, Douwe, yana bakin taga, hannunsa a dunƙule. Ta san abin da ke ciki: ɗan gicciyen azurfa da aka ba shi ranar da ya gama tseren gudu a kan ƙanƙara mai ratsa garuruwa goma sha ɗaya, shekarar da sanyi ya cinye masa yatsan ƙafa. Ciwon mantuwa ya kwashe masa sunan ɗansa, ya kwashe hanyar banɗaki. Amma kullum da safe in ta sa masa gicciyen a hannu, sai ya shafa kusurwoyinsa, ya ɗago ya ce, "Tjitske, ashe kin jira ni." Iyakar abin da ya rage mata na mijinta ke nan.

Wata baƙar mota ta tsaya a ƙofa.

* * *

Ɗansu Wiebe ne, ya kawo wani dillalin kayan tarihi. Mutum ne mai taushin murya, irin masu bin gidajen tsofaffi da takardar talla. Ya yabi labule, ya yabi kofi, idonsa kuwa yana kan agogon bango. Da ya duƙa kan tebur sai ya dafe kai.

"Kai, kai, kai! Wa ya yi wannan aika-aika?"

"Gogewa na yi," in ji Tjitske. "Da baƙi suke."

"To ai baƙin ake saye, uwargida. Kin kankare musu tsufa. Yanzu sai dai a auna a narka."

Wiebe ya zabura. "Haba Mama! Ke komai sai kin murza? Saura kaɗan ki goge Baba ma!"

Kunya ta rufe ta har wuya. Kuɗin nan na sayen kujerar lantarki ne, mai hawa da mutum bene. In ba a sa ta ba, Douwe sai gidan kula da tsofaffi, Wiebe ya sha faɗa.

Dillalin ya juya a hankali ya kalli dunƙulallen hannun. "Ɗanki ya ce tsoho ya yi tseren shekarar nan mai tsanani. Gicciyen wannan tseren kam akwai masu nema. In an haɗa, sai in duba muku."

"Ba a sayar da gicciye," ta ce. "Ko maroƙi ya san haka."

"Mama, bai ma san yana da shi ba. Gicciye ko gida, ki zaɓa. Bayan ke kika ɓata mana sauran."

Wannan kalmar ce ta karya ta. Ita da kanta ta durƙusa ta buɗe yatsun Douwe ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa ya sakar mata, don ita ce.

Tana tsaye ta ga dillalin ya sa farar safar hannu, yana ɗaukar sulallan nan na narkewa da lallaɓa, kowanne da 'yar jakarsa. Ta buɗe baki za ta yi magana, Wiebe ya riga ya miƙa masa hannu, ciniki ya faɗa. Sule ɗaya ya gangara ƙarƙashin faranti, ta gani, ta kau da kai.

* * *

Washegari Douwe ya buɗe tafinsa kamar kullum. Ta ɗora masa sulen da ya tsira.

Ya shafa, ya juya, ya sake shafawa. Babban yatsansa ya yi ta zagaya gefen yana neman kusurwa. Can ya ɗago ya dube ta da ladabi, ya miƙo mata abinta.

"Baiwar Allah, wannan ba nawa ba ne," ya ce. "Ki taimaka ki kira min matata. Ita ta san inda yake."