Kiɗa a Kunne, Giwa a Hanya

Tulasa ce da hannunta ta zaɓi abin, shi ya sa har yau in aka ɗauko zancen sai ta kama haɓa.

'Yarta Sirjana ta ƙwallafa rai a kan aikin 'yan sanda, kuma kowa ya sani, kafin a dubi takardar yarinya sai an ga gudunta. Saura wata biyu a yi gwajin, kullum gari na soma wayewa za ta ɗaure takalmi ta bi hanyar da ta zagaye gonar shayi, ta gangara bakin kogin Meci, ta dawo. Gudun bai dame ta ba. Abin da ya dame ta shi ne zauna-gari-banzan da ke kwana su tashi a shagon shayin mararraba.

"Ga insifekta nan tafe! Ranki ya daɗe, ni ne ɓarawon, zo ki kama ni!"

"Nani, 'yar yarinya, a hankali, kada ƙafafun su ƙare tun miji bai samu ba!"

Wata safiya yarinyar ta dawo ido jajur, ta cire takalman ta yi jifa da su har kaji suka watse. Tulasa ta bi ta tsince su. Mijinta yana can Malesiya yana gadi, ba namijin da za ta tura ya ja musu kunne, ita kuwa in ta je da kanta ta ƙara musu abin dariya ne kawai. Washegari ta ce wa 'yar ta shirya, za su birnin Birtamod.

A wani ɗan shagon kayan waya mai shago ya baje musu na'urorin kiɗa guda uku. Ɗaya babba mai gilashi, ɗaya mai rediyo, ɗaya kuma ba ta wuce kwalin ashana ba, da ɗan maƙali a bayanta. Sirjana ta ɗauki ƙaramar, ta maƙala a wuyan riga, ta yi tsalle sau biyu a tsakar shagon. Ba ta motsa ba.

"Wannan ce, Ama," ta ce wa uwarta. "Wayata duk ta ja mini wando, ga nauyi. Wannan kuwa ko ban duba ba ina jin maɓallan da yatsa."

"Gumi ba ya yi mata komai," in ji mai shago, "caji ɗaya kwana huɗu. Saura na kunne. Ga irin wanda ke zama a bakin kunne, ga kuma mai roba da ke shiga ciki. Didi, yayata, wannan mai robar in ta sa, ko itace ake sara a gefenta ba za ta ji ba."

Tulasa ta ce a sa mata ta ji. Aka cusa mata, aka kunna. Nan take duniya ta ɗauke. Tana ganin bakin mai shago yana buɗewa yana rufewa kamar na kifi, ga motar haya a waje yaronta yana ta dukan ƙofa, amma ba ta jin komai sai ganga. Ta tuna bakunan mutanen mararraba, ta ga yadda za su koma haka, su yi ta motsi a banza.

"Shi za mu ɗauka."

"Ama, in mota ta taho ta bayana fa?"

"Wace mota ke bin hanyar kogi da sassafe? Keken mai madara? Zuba mata waƙoƙin biki, ɗan'uwa, masu zafi."

Abin ya yi aiki kuwa. Sirjana ta koyi kafa ido a kan hanya, ta wuce shagon shayi kamar ta wuce kututture. Gudunta ya ƙaru, cin abincinta ya ƙaru, Tulasa ta yi ta ba maƙwabta labarin dabararta a bakin famfo.

Sai shinkafa ta nuna.

Ran nan Tulasa tana tsugune tana tatsar ɓaunarta, irin ta gida da ake kiwo don madara, Sirjana ta fita bai fi da minti goma ba. Ɓaunar ta daina tuƙa, ta ɗaga kai, ta yi cak. Daga nan Tulasa ta jiyo shi, can wajen kogi: kwang, kwang, kwang. Gwangwani ɗaya. Kafin ta miƙe wani ya amsa, wani ya amsa, har ƙarar ta cika gari. A wajenmu ko yaron goye ya san wannan kiɗan. Maƙwabcinta Dambar yana saman rumfar gadin da ya kafa a kan bishiya, yana ɗaga hannu yana ihu.

"Bauju! Matar yaya! Ku shige ciki! Babba ya tsallako kogi, shi kaɗai ne! Ya nufi hanyar kogi!"

Ba a kiran sunansa in yana kusa, sai a ce Babba. In garke ne da sauƙi, su ci shinkafa su koma. Toron giwa shi kaɗai kuwa, wanda garke ya kora, ba yunwa kaɗai ke tafe da shi ba. Bara wani mai kai madara ya gamu da irinsa, kekensa aka tsinta a naɗe kamar tabarma.

Tulasa ta faɗa ɗaki, ta ɗauki waya. Ta kira. Wayar Sirjana ta yi ƙara a nan cikin ɗakin, a ƙarƙashin matashi. Tun da aka sayo na'urar nan ba ta ƙara fita da ita ba.

Ba ta tsaya neman takalmi ba. Ta tattare zani ta fita a guje, Dambar yana kiranta tana jinsa kamar daga cikin rijiya.

A mararraba duk mutanen shagon sun haye rufin simintin maƙwabcinsu, shayi na ta tafasa yana zuba a wuta ba mai dubawa.

"Didi, ina za ki? Koma! Hauka kike?"

"Kun ga 'yata?"

Suka dubi juna. Wanda ya fi kowa baki a cikinsu ne ya amsa, muryarsa ta zama 'yar ƙarama. "Ta wuce tun ɗazu. Mun yi ihu, Didi, mun ɗaga mata hannu, har na bi ta 'yan taku. Ko kallonmu ba ta yi ba."

Ina za ta kalle su? An gudu gara, an tarar da zago.

Hanyar ta yi baka ne ta zagaye gonar shayi, saboda haka Tulasa ta yanke ta tsakiya. Itatuwan shayi iya ƙugu, jiƙe da raɓa, rassansu na yagar mata zani suna karce mata cinya. Shekararta arba'in da shida, rabonta da gudu tun tana budurwa. Ƙirjinta ya ɗauki zafi kamar ta haɗiyi garwashi. Ta faɗi, ta tashi, wani abu ya shige mata tafin ƙafa, ba ta duba ba.

Da ta hau ɗan tudun da ke tsakiyar gonar sai ta hango su duka biyun. Ta hannun hagu ga Sirjana cikin jar rigarta, tana tafe da kyakkyawan gudunta, kitso na dukan baya, kai na ɗan kaɗawa da kiɗa. Ta hannun dama, bayan kurmin gorar da ke kan kwana, ga wani abu toka-toka, ya fi rumfar shago tsawo, yana tafe a hankali a tsakiyar hanya, kunnuwa a baje. Gorar ce kaɗai ta raba su. Ita ba ta gan shi ba, shi ma bai gan ta ba.

"Sirjana! Nani! Sirjanaaa!"

Yarinyar ba ta ko juyo ba. Wanda ya ji shi ne Babba. Ya tsaya, ya ɗaga hanci sama yana juya shi kamar mai lalube a duhu. Tulasa ta toshe bakinta da hannu. Ihu ba nata ba ne kuma. Ta sunkuya ta gangara tudun, tana kiran sunan duk abin bautar da ta sani a zuci, har da waɗanda ta daɗe ba ta kai wa ko fure ba.

Tsakanin gonar da hanya akwai lambatu mai zurfi da aka haƙa don ruwan damina. Tulasa ta iso bakinsa daidai lokacin da jar rigar ta zo wucewa. Ta tsallaka, ta rungumo yarinyar ta ƙugu, suka koma da baya suka faɗa ciki, tim, cikin taɓo. Sirjana ta ɗauka ɗaya daga cikin mutanen mararraba ne. Ta kai gwiwar hannu da duk ƙarfinta, ta sami uwarta a baki. Tulasa ta ji ɗanɗanon jini, amma ba ta sake ta ba. Ta danne ta da jikinta, ta rufe mata baki, ta kafa mata ido.

Yarinyar ta gane fuskar. Daga nan ta ji abin da ba a buƙatar kunne a ji shi: ƙasa tana amsawa a bayanta, dum, shiru, dum.

Robobin kunnen sun fita a faɗuwar, suna lilo a tsakaninsu, kuma waƙar ba ta tsaya ba. Ƙaramar murya ce, kamar sauro a cikin kwalba, amma a wannan shirun Tulasa ji take kamar ana biki a cikin lambatun. Na'urar tana danne a ƙarƙashin ƙirjinta, hannun Sirjana ya maƙale, ita kuwa ba ta taɓa sanin wane maɓalli ne ke kashewa ba. Ta laluba da leɓe, ta kamo robobin biyu, ta cusa su a baki ta rufe. Ganga ta koma bugawa a cikin haƙoranta.

Inuwa ta rufe su. Wari ya sauko, warin taɓon kogi da ciyawa da wani abu mai ɗaci. Tana jin cikinsa yana ruri ƙasa-ƙasa kamar hadari daga nesa. Ɓurɓushin ƙasa ya zubo mata a wuya daga bakin lambatun. Sai numfashi, mai ɗumi, mai laima, ya bi ta bayanta tun daga ƙugu har ƙeya. Kan hancin ya taɓa gashinta. Hawayen Sirjana na bin yatsun uwar. Tulasa ta rufe ido. A bakinta wata mace tana ta rera wa amarya waƙa, an zo wurin tafi.

Ba ta san tsawon lokacin ba. Ta dai ji an tumɓuke itacen shayi guda a gefen kanta, saiwa da komai, ƙasa ta zubo musu. Ta ji an kakkaɓe shi a jikin ƙafa, an yar. Can sai ƙarar gwangwanaye ta matso, da rurin tarakta, da muryoyin maza masu yawa. Babba ya yi wata ƙara da ta sa kunnuwanta suka yi ɗif, ya juya. Gora ta yi ta karyewa, ƙas, ƙas, tana nisa, tana nisa, har zuwa wajen kogi.

Duk da haka ba ta ɗaga ba, sai da Sirjana ta yi magana ta tsakanin yatsunta.

"Ama. Ama, ya tafi. Kina karya mini haƙarƙari."

Tulasa ta mirgina gefe, ta tofar da robobin, da jini da yawu. Ta so ta miƙe, ƙafa ɗaya ta ƙi taka ƙasa. Sai a lokacin ta ga tsinken gorar da ya shige tafin ƙafarta. Sirjana ta danna maɓalli, waƙar ta mutu, ta durƙusa ta zare tsinken, ta yagi gefen zanin ta ɗaure wurin. Ɗaurin ya kwance, ta sake.

"Ni na toshe miki kunne," in ji Tulasa. Leɓenta ya kumbura, maganar ba ta fita sosai. "Da hannuna. Har ina yi wa mutane alfahari."

"Ni ma na fasa miki baki, Ama. Taho, hau."

"Ke, ni za ki goya? A gaban mutane?"

"To zauna nan ki jira shi ya dawo."

Tulasa ta hau. Yarinyar ta miƙe da ita kamar ta ɗauki damin ciyawa, ta fito da su kan hanya. Ga sawunsa nan a ƙura, kowanne faɗin faranti, ɗaya a daidai bakin lambatun, gefen ya rufta.

"Gobe ba inda za ki," in ji Tulasa a kunnenta.

"Saura kwana tara gwaji."

"Na ce ba inda za ki."

"Sai rana ta fito sosai, Ama. A filin makaranta, ba kogi ba. Kunne a buɗe."

Tulasa ta juya tana kallon baya, wajen kurmin gorar, inda rassa ke ta lilo ba iska. Masu tarakta suka tsaya suka ce su hau, ta girgiza kai, don ba za ta iya sakin wuyan yarinyar ba. Haka suka tafi har gida, 'ya na kallon gaba, uwa na kallon baya, kuma duk sanda wani reshe ya yi ƙara sai farcenta ya nutse a kafaɗar Sirjana.