Littafin Malam a Bayan Randa

Tun da Dakta Sakinat ta zura fararen safar hannu kafin ta taɓa littafin, hankalin Hajiya Barakatu ya ƙi kwanciya. A iya saninta, mai sa safar hannu ko dai likita ne, ko kuwa wanda ba ya son a gane ya taɓa abu.

Jikarta Khaulat ce ta jajibo mata wannan baƙuwa. Yarinyar tana karatun tarihi a jami'a, kuma bakinta ba ya riƙe magana. Ita ta je ta fesa wa malamarsu cewa a gidansu na Sabo, unguwar Hausawa a Ibadan, akwai littafin da kakan marigayi Malam Mijinyawa, mijin Hajiya, ya rubuta da hannunsa. Falle sittin ne a gafakar fata, babu ɗinki. A ciki ya jera zaurukan karatun Sabo: wane malami ya zo daga ina, wa ya karantar da wa, tun filin jami'ar yana daji. Abin da ya rage wa Hajiya na mijinta ke nan.

"E kaaro, Mama," in ji Dakta, tana gaishe ta da Yarbanci har da durƙusawa. "Hoto kawai zan ɗauka. Muna rubuta tarihin makarantun Ibadan ne, kuma zaurukanku sun girmi azuzuwanmu."

Hajiya ta shekara talatin tana sayar da dambun nama daga cikin gida, ta san irin masu yabon kaya tun ba su ɗanɗana ba. Ta zuba ido. Dakta ta ɗauki hoton falle na farko, na biyu, na uku, sai ta ɗago kai.

"Akwai kwafensa a wani wuri?"

"Babu."

"Kai! Da za ki yarda, Mama, muna da ɗakin ajiya mai..."

To, ga inda aka dosa! Hajiya ta tattare fallayenta, ta ɗaure gafaka, ta ce azahar ta yi, alhali ko hantsi bai gama ba.

"Haba Hajiya, kin ba ni kunya wallahi," in ji Khaulat bayan baƙuwa ta fita. "Matar nan fa ba ɓarauniya ba ce. E jo, don Allah ki bar ta ta ƙarasa."

"Ke ma 'yar gidansu ce. Tafi can."

Da gaske take, don har jikar ta daina yarda da ita. Khaulat ta san littafin a saman kabad yake zama. Shi Malam, lokacin yana raye, duk safiyar Juma'a yakan baje fallayen a inuwa su sha iska, saboda raɓar Ibadan. Hajiya ta ce ina! A baje shi a tsakar gida kowa ya gani? Ta naɗe gafakar a leda biyu, ta ƙulle tamau, ta cusa ta bayan randar ruwa, inda babu mai hankalin da zai nemi littafi.

Damina ta sauka. Sau biyu Dakta tana dawowa da burodi da lemo, sau biyu Hajiya tana ɗaga murya daga ɗaki: "A ce mata ba na nan!"

Sai bayan wata huɗu, wata Juma'a da kewar Malam ta taso mata, ta jawo ƙunshin. Tun ba ta kwance ledar ba ta ji warin ruma. Tawadar malamai ce, irin wadda ake wanke allo a sha, ba ta jure danshi. Fallayen sun manne da juna, rubutun ya narke ya zama baƙin dabbare. Ta gwada ɓanɓaro guda, ya biyo yatsanta kamar tuwon da ya kwana.

Ta zauna daɓas a ƙasa. Babu wanda za ta ɗora wa laifi. A haka Khaulat ta same ta.

"Falle nawa matar nan ta ɗauka?" in ji Hajiya.

"Uku."

"Kira min ita." Sannan ta tambaya a hankali, "A cikin ukun akwai sunan kakan Malam?"

Khaulat ta sunkuyar da kai. "A'a, Hajiya. A fallen ƙarshe ya sa sunansa."