Jan Zare a Kofin Baba Tela

Malama ta zaro kofin gilashin daga ƙarƙashin keken ɗinki, ta ɗaga shi saitin taga. An ɗaura masa jan zare daga ƙasa-ƙasa, warin giya na tashi daga ciki.

"Baba Tela, wannan fa?"

"Awo ne, 'yata." Tsohon maƙwabcin nata ya yi murmushi, idanunsa sun yi rawaya. "Yatsa biyu. Da ta taɓo zare, shi ke nan."

"Likita ya ce hantarka ba za ta ɗauki ko ɗigo ba. Wata tara ba ka taɓa ba! Ni nake raka ka asibiti, a gabana ka yi alkawari."

"Ke da bokonki! Shekara talatin ina awo, ban taɓa ɓata wa kowa yadi ba."

"Ai yadi ba ya kiran ka ka ƙara, Baba. Wanda ya ɗaura zaren nan daban, wanda zai tsaya bayan ya kurɓa daban."

Ya yi dariya har da tari. "Ɗaga hannu in auna ki, rigarki ta makaranta na jira."

Ta ƙi ɗagawa. Ta fasa kofin a bakin kwata. Washegari ya ɗaura wa wani kofin zare.

Makon farko yakan ƙwanƙwasa bangon da ya raba ɗakinta da shagonsa, ya ce, "Malama, yau ma ban wuce zare ba!" A mako na uku ɗinkinsa ya fara karkacewa. Kullum ta dawo daga aji sai ta shiga, su yi faɗa, ta fita da hawaye, gobe ta sake dawowa. Wata Alhamis da rana ta tarar da shi kife a kan keke, jini a haɓarsa. Kwana uku ya yi a asibiti, ya cika, hannunsa cikin nata.

Ana zaman makoki a tsakar gida, matar mai gidan hayar ta taɓe baki.

"Allah ya ji ƙansa dai. Amma mutum ya kasa riƙe kansa..."

Malama ta miƙe tsaye.

"Inna, wata tara yana riƙe da kansa, hannunsa na rawa yana zura allura. Ke in shayinki na safe aka hana ki kwana biyu, unguwar nan ba ta zaunuwa. A gabana ba mai raina shi."



Ta wuce shagon. Rigarta na ƙarƙashin allura, hannu ɗaya ba a haɗa ba. Bayan tulin ƙyallaye ta ga kwalabe birjik, duk wayam. Kofin yana kan taga. Ta kara yatsunta a jikinsa. Zaren na nan inda ya ɗaura shi, yatsa biyu cif.