Ganyen Iya Mai Shara

Shugabar makarantar ta ba wa hamsin baya, zufa kuma ta sa ta a gaba. Ana tsakiyar taron malamai sai zafi ya taso mata daga ƙirji, ta jiƙe sharkaf, ta yi ta ɗora wa fanka laifi.

A bayan ofishinta Iya mai shara ta shuka maramiyya a tsohon bokitin fenti, wani ganye mai launin toka da gashi-gashi. Wata rana shugabar ta jiyo Iya ta taga tana gaya wa wata malama cewa ana kurkure baki da ruwansa in maƙogwaro na ciwo, mata masu irin wannan zufar kuma suna jiƙa shi a ruwan zafi su sha.

Nauyin tambaya ya hana ta. Ita da kowa ke miƙewa in ta shigo, ta je ta ce wa Iya jikinta ya fara juyawa? Sai ta riƙa jira a tashi, ta zagaya ta tsinki huɗu ko biyar ta cusa a jaka. Ta ji dama-dama, ta ƙara hannu. Kafin sati uku shukar ta koma tsirara.

Ranar Litinin ta jiyo Iya tana hayaniya a bayan ofis.

"Kai ne, Baba maigadi! Wa ke zama bayan an tashi in ba kai ba?"

"Iya, ki yi haƙuri."

"Haƙurin me? Da furfurarka, ɓarawon ganye!"

Malamai suka leƙo, ana ta dariya ƙasa-ƙasa. Shugabar na zaune a ofis da biro a hannu. Har aka watse ba ta fito ba.

Sai da rana ta sa aka kira Iya da maigadi. Ta rufe ƙofa, idonta na kan tebur.

"Iya, ni ce. Baba, ka yafe mini."

Iya ta riƙe haɓa. "Ranki ya daɗe! To ai da kin yi magana. Ina da busasshe cike da gwangwani a gida."

Maigadi ya gyara hularsa. "Ba komai, ranki ya daɗe. Ai kullum ina ganinki daga bakin ƙofa."

"Kana gani? Me ya hana ka faɗa ɗazu?"

"A gaban malamanki?"

Ta rasa inda za ta sa fuskarta. Washegari da safe ta tara malaman, ta wanke maigadi da bakinta.