Kwalba Mai Lamba Huɗu

A ɗakin binciken da ke hawa na biyu, Uwar Mafitsara kowa yake ce mata, har mai shara. Ita ce ɗalibar da ke renon ƙwayoyin halittar mafitsarar mutum a faranti. Ta shimfiɗa su, ta canja musu ruwa duk bayan kwana biyu, sai sun yi sati uku a akwatin ɗumi sun hau kan juna sun zama kamar bangon mafitsara na gaske. Daga nan ta zuba musu ƙwayoyin cutar da ke sa fitsari da zafi, ta ga yadda suke kutsawa su ɓuya. Mijinta ya ce 'ya'yansu biyu ba su taɓa samun irin wannan gata ba. Ba ta musa ba.

Gwaji ɗaya ya rage mata. In ya fito kafin ƙarshen wata, ta kammala digirinta bana. In bai fito ba sai baɗi, shekara ta shida ke nan.

To, ƙwayoyin cutar nan 'yan yanga ne, ba sa nuna halinsu sai a fitsari na gaske. Don haka ranar gwaji ma'aikata kan karɓi kwalba mai lamba, su sa hannu a fom cewa ba su sha magani ba cikin sati biyu, su kawo fitsarinsu, sai a haɗa a tace. Wannan karon Farfesa, shugaban ɗakin, wanda rabonsa da safar hannu tun kafin a sayi firji, ya ce shi ma a ba shi kwalba.

"Ya kamata a ga shugaba a gaba," in ji shi. Ya dawo ya miƙa mata kwalbar da hannu biyu kamar mai ba da lambar yabo.

Washegari ta leƙa madubin ƙara girma, ba ƙwayar cuta ko ɗaya da ta yi rai. Ta sake dubawa, haka dai. Farfesa kuwa har da cire tabarau don murna.

"Kin san me muka gano? Mafitsararmu tana kashe cuta da kanta."

Mafitsararmu. Sati uku bai san inda akwatin ɗumi yake ba, yau ta zama tasu. Kafin la'asar ya raɗa wa binciken suna mai layi uku, ya sa sunansa a farko don kada ya ɓata, ya kuma ce ta rubuta ta kawo ya sa hannu, digiri ya samu.

Ta so ta yarda, wallahi ta so. Sai dai tana da wata ɗabi'a da ake mata dariya a kai: kafin ta haɗa fitsarin, takan rage kaɗan daga kowace kwalba ta adana. Ta shafa ƙwayoyin cuta a faranti, ta ɗiga ragowar kwalabe shida, kowace a gefenta. Da safe, gefen kwalabe biyar sun cika da cuta maƙil. Ta huɗu kuwa ta share kewayenta tas.

Ta same shi a ofis, ta ajiye farantin a kan tebur.

"Ranka ya daɗe, ba mafitsarar ba ce. Wani ne ya sha maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya fito a fitsarinsa. Mai lamba huɗu."

"Wane mara tarbiyya ne wannan? A nemo shi, yau zai bar ɗakin nan."

Ta zaro fom ɗin mai lamba huɗu ta ɗora kusa da farantin. Sa hannun ya cinye rabin takardar, irin wanda kowa ya sani a jikin takardun gargaɗin Farfesa. Sai a lokacin ta tuna sau nawa yake fita daga taro kwanan nan, wai zai amsa waya, wayar kuwa tana kan tebur.

Ya daɗe yana kallon farantin. Mutumin da ya yi shekara talatin yana koyar da cutar nan, kunya ta hana shi ya ce ta kama shi. Ya tashi ya tura ƙofa.

"Kwana biyar ina sha," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Wannan farar da'irar... wato yana aiki ke nan?"

Ta zo da maganganu cike da baki, tun a mota take jera su. Haushi da tausayi suka cakuɗe mata, ta bar maganganun.

"Yana aiki, ranka ya daɗe. Ka shanye sauran, kada ka tsaya a rabi."

Ya gyaɗa kai. "In kika yi shiru, digirinki bana ne."

"Na sani."

Ta ɗauki farantinta ta fita. A taron ranar Litinin Farfesa ya yi jawabin awa guda kan muhimmancin gaskiya wajen cike fom, ya ce Allah ne ya taimaka idonsa ya kama kuskuren da wuri. Aka tafa masa. Sau ɗaya kawai ya fita amsa waya.

Ita kuwa tana can ɗaki tana shimfiɗa sababbin ƙwayoyi, ta rubuta kwanan wata a murfin faranti. Ta ƙirga sati uku a kalanda, yatsanta ya tsallake ƙarshen wata da kwana tara. Ta kira mijinta.

"Rigar bikin digirin nan da ka kai ɗinki," ta ce, "ka ce wa tela ya bi a hankali."